Injin yanka totiya: in saya ko in ci gaba da wuƙa?

Maman Hanifa (Agege):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Da fatan an wuni lafiya, ya hidima, ya zafin Legas. Shawara nake nema wajen masu sani, a yi haƙuri da tsawon bayanin.

Shekara uku ke nan ina yin burodin shawarma a nan Agege, irin marar kaurin nan da ake naɗe nama da shi. Bara wata mai gidan abinci a Ikeja ta ce in gwada yi mata totiya, wato burodin mutanen Meziko mai kamar faifai. Na gwada da fulawa, ya yi. Sai ta ce waɗanda suka karkace ko suka yage kada in zubar, in yayyanka su masu kusurwa uku in soya mata. Abin da na fara don gudun asara, yanzu shi ya fi kawo ciniki. Kantuna biyu sun fara karɓa a leda.

Wahalar duk tana wajen yanka. Yara uku gare ni masu yi min aiki, suna farawa bayan asuba. A jera faifai goma ko goma sha biyu a kan katako, a ɗora doguwar wuƙa, a danna bayanta da tafin hannun hagu. Na sama ya zame, na ƙasa ya manne da ɗan'uwansa. Wani yanki ya fito babba, wani ƙarami, in an zuba a mai ƙananan su ƙone kafin manyan su soyu. Ranar Talata wuƙa ta goce wa ƙaramin cikinsu ta sare shi a manuniya. Ina tsaye a bakin murhu na ji ya ce wayyo, na juyo na ga jini ya bi faifan tun daga sama har ƙasa. Ɗinki huɗu aka yi masa. Yaron nan amana ce uwarsa ta ba ni daga Katsina. Tun ranar ban sami barci mai daɗi ba.

Na ga bidiyon wani inji da ake zuba masa totiya a jere, ya danna sau ɗaya su zubo a yanke, kansu ɗaya. Akwai wanda ya san shi? Ana samunsa a Legas ko sai an yi odarsa? Zai yi wa ƙaramar sana'a irin tawa?

Ɗan Obalende:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba yaro lafiya, ya kiyaye gaba.

Baba Mai Kilishi (Zango):
Sannu 'yata. Allah ya tsare. Kafin a yi nisa, yaushe rabon da a wasa wuƙar nan? Na fi shekara talatin ina fere nama, kuma wallahi wuƙa mai kaifi ba ta cika cin mai ita ba. Dakusasshiya ce ke sa mutum ya danna da ƙarfinsa duka, ta goce. Sannan katakon, kina sa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashinsa don kada ya yi rawa?

Maman Hanifa (Agege):
Baba, gaskiya sai mai wasa ya wuce ta layinmu muke ba shi, wani lokaci sati biyu. Tsumman kuwa ban taɓa sawa ba. Daga gobe in sha Allahu.

Injiniyan Ogba:
Hajiya sannu da jimami. Ina aikin gyaran injuna a wani kamfanin kayan ciye-ciye, kuma na san irin injin da kika gani. Bari in kwatanta miki cikinsa, don in kin gane yadda yake aiki za ki fi iya yanke shawara da kanki.

Ba shi da wani sirri. Akwai zobe na ƙarfe mai faɗin totiyar, an gitta wuƙaƙe a cikinsa sun haɗu a tsakiya, kaifinsu na kallon sama ko gefe. Wuƙa biyu a gitte su ba ki yanki huɗu, uku su ba ki shida, huɗu su ba ki takwas. In dogaye kike so kamar taliya, sai a sa zobe mai wuƙaƙe a jere. Wuƙaƙen ba sa motsi. Totiyar ce ake turawa ta ratsa su. Abin da ke turawar wani faranti ne na roba mai tauri, irin wadda aka amince ta taɓa abinci, an yi masa tsagu daidai da wuƙaƙen yadda zai shige tsakaninsu ya turo har faifan ƙarshe. Bayan farantin akwai fistin, iska ke tura shi daga kwamfuresa, wato injin matse iska, wasu kuma mai ne ke tura su kamar jak ɗin mota.

Ga lissafin da nake so kowa ya riƙe. Fistin mai faɗin milimita 100, in aka ba shi iska mai ƙarfin "bar" 6 a ma'aunin matsin iska, wanda shi ne abin da aka saba a masana'antu, yana danna abu da nauyin kusan kilo 480. Buhun shinkafa mai kilo 50 kusan goma ke nan a kan wuƙa. Injin bai san bambancin totiya da hannun yaro ba. Saboda haka in tsoron rauni ne ya sa kike neman inji, ki sani injin da ba shi da kariya ya fi wuƙar hannu haɗari nesa ba kusa ba. Wuƙa ta ba da ɗinki huɗu, wannan yatsun zai ɗebe.

Mai kyau za ki gan shi da murfi wanda in an buɗe injin ba zai tashi ba sam, da maɓalli biyu nesa da juna waɗanda dole sai an danna su tare da hannu biyu kafin fistin ya motsa, da jan maɓallin tsayarwa na gaggawa. Wajen wankewa kuma kashe wuta bai isa ba. Sai an saki iskar da ta rage a ciki, domin ita kaɗai tana iya tura fistin ɗin alhali hannun mutum na tsakanin wuƙaƙe.

Alhajin Mile 12:
Hajiya, ni abin da ya same ni zan faɗa miki, ki ɗauki abin da zai amfane ki. Ba injin totiya ba ne, na yanka ayabar suya ne, amma hanya ɗaya ce. Na gan shi a intanet, na yi magana da mai sayarwa a waya, na tura kuɗi. Ban tambayi wace irin wuta yake sha ba. Da ya iso aka buɗe, ashe an ƙera shi ne don kasuwar Amurka, wuta 110 yake sha, tamu kuwa 230 ce. Na sayi taransifoma, ya tashi, amma motar da ke juya injin tana ɗaukar zafi tana jan jiki. Makaniki ya ce min wutarsu tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, tamu 50, shi ya sa. Wata huɗu motar ta ƙone. Wuƙarsa ɗaya ta karye, na zaga Legas ban sami irinta ba, mai sayarwar kuma ya daina ɗaga waya. Yanzu haka yana bayan shago an rufe shi da tamfol, kaji na hawa kansa.

Kuma kuɗin da kika gani a hoto ba shi ne kuɗin ba. Akwai Form M ta banki, akwai takardar SONCAP ta shaidar ingancin kaya, akwai kuɗin jirgi, kuɗin fito, ladan ejan, in takardu suka yi jinkiri kuɗin ajiya na hawa kullum. Ga dala yadda take tun 2023. Ni dai ban ce kada ki saya ba. Amma kada ki tura ko kwabo sai kin ga bidiyon injin yana yanka irin burodinki, an rubuta miki irin wutarsa, an haɗo miki da wuƙaƙen canji aƙalla kashi biyu.

Ɗan Obalende:
Ni fa ina da magana, a yi min uzuri in ta yi ɗaci. Anti, yara uku ke cin abinci a yankan nan. In inji ya zo, mutum ɗaya ya isa. Sauran biyun ina za su? Tun da aka hana acaba a manyan ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, kowa ya ga yadda samarinmu suka cika bakin titi da ƙarƙashin gada. Ni kaina babur ɗina aka kama, sai da na yi wata bakwai ina dako kafin na samu gadi. Duk wanda ya ɗauki yaro ɗaya daga Arewa aiki a garin nan gida guda ya rufa wa asiri. Kada mu zo muna murnar inji alhali namu ne za su koma zaman kashe wando.

Maman Hanifa (Agege):
Ƙanena, maganarka ba ta yi min ɗaci ba, abin yana raina tun kafin ka faɗa. Ba ni da niyyar sallamar kowa. Amma ka sa kanka a matsayina ranar da zan kira uwar yaron nan in gaya mata. Da bakin me zan sake kiranta karo na biyu?

Alhajin Mile 12:
Ɗan Obalende, in sana'ar ba ta girma ba ai duka ukun za su rasa. Kanti ba ya jira. Ka kasa kai masa katan ɗin da ya nema sau biyu, ya koma wajen wani.

Ɗan Obalende:
Alhaji haka ake cewa kullum, za a girma a ɗauki wasu. Na ga gidan burodin da aka kawo injin kwaɓi aka sallami mutum biyar, har yau ba a maido ko ɗaya ba. Ban ce Anti haka take ba. Amma in rance ta ci ta sayo inji, bashin ne zai yi mata hukunci, ba zuciyarta ba.

Malamar Yaba:
Salam. Ina koyar da sarrafa abinci, kuma wannan zance ya ja ni. Maganar Ɗan Obalende ta ƙarshe a riƙe ta da kyau, gaskiya ce.

Maman Hanifa, abin da kika yi na soya waɗanda suka karkace, haka sana'ar ta samo asali. A birnin Los Anjeles, cikin shekarun 1940, wata mata mai suna Rebecca Webb Carranza tana da masana'antar totiya da mijinta. Injinsu yana fitar da wasu a karkace, ta riƙa yanka su kusurwa uku tana soyawa, mutane suka so. Zuwa 1966 kamfanin Frito-Lay ya baza Doritos, irin wannan soyayyar totiya mai kusurwa uku, a faɗin Amurka. Kin ga ke ma kan turba kike.

Amma akwai abin da nake so ki lura. Manyan kamfanoni yawancinsu ba sa gasa totiya zagayayya sannan su jera su yanka. Ƙullun suke murzawa ya zama shimfiɗa tsakanin naɗi biyu na ƙarfe, wani naɗin mai zanen kusurwa uku ya yanke shi tun yana ɗanye, ya bi ta tanda ya sha wuta kaɗan, ya huce, ya faɗa mai. Injin da ke yanka jerarru na masu yin totiyar ci ne da suke son su mayar da wani kaso soyayye, irinki ke nan, da gidajen abinci.

Sai batun da na fi damuwa da shi: totiyarki ta fulawa ce. Fulawa tana da danƙo, tana miƙewa, in da ɗuminta aka jera sai ta manne. Inji ba zai gyara wannan ba. Ki zuba masa ɗumamammiya ki ga yadda za ta cushe a tsakiya inda wuƙaƙen suka haɗu, gefen yankan ya liƙe biyu-biyu, a mai su ƙi rabuwa, cikinsu ya zauna ɗanye. Dole ta huce sarai ta ɗan sha iska kafin a jera. A masana'anta akwai doguwar raga mai hawa-hawa da totiyar ke bi tana hucewa kafin ta isa injin da ke ƙirgawa yana jerawa. Kuma wadda ta ɗan bushe ba ta shan mai da yawa, wannan riba ce kai tsaye.

Sai dai Legas ba Kano ba ce. A Kano da hunturu ki shanya minti kaɗan ta bushe har ta fara tsagewa. A nan da damina ki bar ta a leda ta kwana biyu ki tarar da fumfuna. Ki shanya a raga ƙarƙashin fanka, ɗaya-ɗaya, ba a jibge ba.

Maman Hanifa (Agege):
Malama Allah ya ƙara ilimi. Wallahi da ɗuminta muke yankawa, saboda sauri. Wata tambayar: na gwada yi da garin masara irin na tuwo, don na ji asalin totiya ta masara ce, amma ƙullun ya ƙi haɗuwa, yana farfashewa a hannu. Me na yi ba daidai ba?

Malamar Yaba:
Ba laifinki ba ne, garin tuwo ba zai taɓa yi ba. Mutanen Meziko tun kafin zuwan Turawa ba sa niƙa masara haka kawai. Sukan dafa tsabar a ruwa da ɗan farin sinadari dangin farar ƙasa, mai suna kalsiyam haidoroksaid, kamar kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin masarar, wasu kuma da tokar itace. A bar ta ta kwana a ruwan, da safe a wanke, dusar ta saɓule, a markaɗa da danshinta. Wannan dahuwar ce ke sa ƙullun ya kama jikinsa ya murzu. Tana kuma sakin sinadarin niyasin da ke ɗaure a cikin masara yadda jiki zai amfana. Wuraren da suka karɓi masara suka bar wannan dabara, kamar arewacin Italiya da jihohin kudu na ƙasar Amurka, sun sha fama da cutar felagira mai ɓata fata da kawo gudawa. Tana kuma rage dafin fumfunar nan, afulatoksin, da ke damun masararmu da gyaɗa in ba a adana su da kyau ba.

A Meziko an daɗe da mayar da abin na inji. Kamfanin da ke yin garin Maseca, wanda aka riga aka dafa aka busar sai dai a kwaɓa, ya faro ne tun 1949.

Gargaɗi ɗaya: kada a ɗebo farar ƙasar gini ko ta shafen bango a sa a abinci. Ta abinci daban take. Kanwa ma ba ita ba ce, ɗanɗano da launi za su canza.

Baba Mai Kilishi (Zango):
Ikon Allah. Iyayenmu ma ai da ruwan toka suke girki. Ashe can ma haka.

Mai Walda (Idi-Araba):
Salamu alaikum. Yanzu na tashi daga aiki na karanta duka. Hajiya, abin da Injiniya ya kwatanta ba sai an haye teku ba. Mun yi injin yanka cincin, mun yi na ayaba, mun yi na markaɗe. Wannan ma zan iya, kuma ba sai da kwamfuresa ba. A yi shi da dogon hannu irin na famfon burtsatse, yaro ya ja da hannu biyu faranti ya sauko. Faifai goma zuwa goma sha biyar zai ratsa lafiya. Ba ruwanki da NEPA, ba ruwanki da dizal. In yi miki da sitenles, wato ƙarfen nan da ba ya saurin tsatsa, gaba ɗaya, in walde wuƙaƙen a zoben su zauna daram.

Injiniyan Ogba:
Maigida, shawarar dogon hannun ta yi, na goyi baya ɗari bisa ɗari, kuma hannu biyun da ke kan sanda ba za su kasance a ƙarƙashin faranti ba. Amma ban yarda da walde wuƙaƙe ba. Zafin walda yana kashe taurin ƙarfe, bakin wuƙar da ke kusa da wurin ba zai ƙara riƙe kaifi ba. Sannan ta yaya za a wasa wuƙar da aka liƙe? Ta yaya za a wanke lungun tsakiya inda ƙullu ke maƙalewa? A tsaga wuƙaƙen rabi-rabi su shiga juna a tsakiya, a ɗaure bakinsu da noti a jikin zobe, yadda za a kwance a wanke a wasa a mayar.

Kuma sitenles kala-kala ne. Jikin injin da duk inda abinci ke taɓawa a yi da mai lamba 304. Amma 304 ba ya yin wuƙa, ba ya ɗaukar tauri. Wuƙa sai irin 420 ko makamancinsa.

Mai Walda (Idi-Araba):
Na karɓi gyara a kan noti, gaskiyarka. Batun 304 kuwa ai da maganaɗisu muke gwadawa a kasuwa, in bai kama ba shi ne mai kyau.

Injiniyan Ogba:
Nan ne ake cutar mutane da yawa. Akwai mai lamba 201, ya fi araha, shi ma maganaɗisu ba ya kama shi, amma a iskar Legas mai gishiri da laima ba ya daɗewa sai ka ga ɗigon tsatsa. Ƙarfen wuƙa mai kyau kuma maganaɗisu yana kama shi, ba aibu ba ne. A sayi ƙarfe wajen wanda zai nuna lambar a jikin falle. Hajiya, wannan ya shafi rajistarki ma, domin jami'an NAFDAC suna zuwa duba wurin aiki da kayan aiki kafin su ba da lamba, kuma tsatsa ko fenti a inda abinci ke bi abin tambaya ne.

In kina son ki ga injunan sarrafa abinci da aka ƙera a gida, ki leƙa cibiyar binciken masana'antu ta tarayya da ke Oshodi, FIIRO. Tun 1956 take, kuma daga Agege ba nisa.

Kafin komai dai ina roƙonki abu ɗaya. Gobe ki riƙe agogo. Ki rubuta minti nawa ake yi a kwaɓi, a murzawa, a gashi, a hucewa, a yanka, a suya, a ɗaurin leda. Na sha ganin an sayi inji mai sauri an dasa shi a gaban kasko ɗaya, ya yi aikin minti ashirin ya zauna yini guda yana jiran kasko.

Alhajin Mile 12:
Ga kuma kuɗin wuta. Wanda ke layin Band A, rukunin da aka fi ba wuta, ya san abin da ya gani tun watan Afrilun 2024 da aka kai yunit naira 225. Kwamfuresa ba ƙaramar wuta take ja ba lokacin tashi, ƙaramin janareta ba ya ɗaukarta.

Ɗan Obalende:
In na dogon hannu ne ni ba ni da ja. Yaro ne zai ja shi, kuma ɗan'uwanmu ne zai ƙera. Kuɗin ma a Idi-Araba zai kwana.

Uwar Biyu (Ijora):
Ina bin zancen tun jiya ban ce komai ba. Maman Hanifa, wane zafi kike soyawa? Ni cincin nake yi, tun da na sayi ma'aunin zafin mai na daina ƙonawa. In mai bai yi zafi ba kaya su sha shi su yi lagwas, in ya wuce su yi baƙi.

Malamar Yaba:
Wajen digiri 175 zuwa 185 ya dace da irin wannan suyar. Kuma kada a cika kasko, zuba da yawa lokaci ɗaya yana karya zafin man.

Maman Hanifa (Agege):
Assalamu alaikum. Na yi shiru kwana biyar, ina bin abin da kuka ce ne ɗaya bayan ɗaya. Ga abin da na gani.

Baba, na kai wuƙaƙen an wasa, na sayi dutse na ajiye a gida, na sa tsumma ƙarƙashin katako. Babban yaron ya ce kamar an canza masa hannu.

Malama, na sa kafinta ya buga min raga mai hawa huɗu, muka shanya totiyar ɗaya-ɗaya ƙarƙashin fanka kusan awa guda kafin mu jera. Da na ɗaga yankan da hannuna sai suka warwatse a tire kamar katin wasa, ba wanda ya riƙe wani. Da can sai mun zauna muna ɓamɓare su da farce. Man da ya saba ƙarewa kafin azahar ya kai mu la'asar.

Injiniya, na riƙe agogo kwana uku kamar yadda ka ce, kuma abin ya ba ni mamaki. Yanka ba ya cin ko rabin lokacin da suya ke ci. Yankakku suna taruwa a roba suna jiran kasko, har na ƙasa su fara gumi su koma mannewa. Ɗaurin leda kuma shi ke kai mu dare, da kyandir muke liƙewa ɗaya-ɗaya. Ashe da na ci bashi na sayo babban injin nan, da tarin da ke gaban kasko kawai zan ƙara.

Don haka na yanke: ba zan yi odar na waje yanzu ba. Zan ƙara murhu da kasko na biyu, in sayi ƙaramin injin liƙe leda, sannan a ƙera min na dogon hannun, saboda har yanzu ina son yankan ya fito kai ɗaya, kuma ba na son in sake ganin tafin hannun yaro a bayan wuƙa. Ɗan Obalende, yaron da ya ji ciwo an kwance masa ɗinki jiya, yatsan yana lanƙwasuwa, alhamdu lillahi. Shi zan mayar kan liƙe leda. Kasko na biyun kuma zai buƙaci mutum, in kana da yaro mai natsuwa da ba ya tsoron wuta ka turo min shi in gani.

Ɗan Obalende:
Allah ya saka da alheri Anti. Akwai ɗan yayata, ya taɓa suyar ƙosai da doya a tasha. Zan kawo shi da kaina ranar Lahadi.

Injiniyan Ogba:
Madalla. Mai Walda, abu uku kada ka manta. A sa sifirin ko ƙugiya da za ta riƙe sandar a sama, kada ta faɗo da kanta lokacin da ake zuba faifai. A yi bututun da ake jera totiyar ya fi ta faɗi da kaɗan kawai, in ya yi yawa jerin zai karkace yankan ya fito ba daidai ba. A rufe ƙarƙashin zoben yadda hannu ba zai kai ga wuƙa ba, yankakkun su gangaro tire da kansu. In ka zana ka turo min in duba kafin ka yanka ƙarfe, ba sai an biya ni ba.

Mai Walda (Idi-Araba):
An gama. Hajiya, ki auna min faɗin totiyarki da tef, ki auna guda goma daban-daban don in ga bambancinsu, tunda da hannu kuke murzawa. Yanki shida kike so ko takwas?

Maman Hanifa (Agege):
Shida. Mai gidan abincin ta ce takwas sun cika ƙanƙanta, ba sa ɗebo miya. Na auna, suna tsakanin inci takwas da takwas da rabi.

Mai Walda (Idi-Araba):
To zan yi bututun inci tara ba kaɗan. Ranar Asabar bayan azahar ki aiko yaro da faifai hamsin waɗanda suka huce, mu gwada a zoben katako tukuna kafin a taɓa sitenles.

Baba Mai Kilishi (Zango):
In an yanko wuƙaƙen a biyo da su Zango kafin a ɗaura. Ni zan fitar musu da baki.